Yadda ake renon dashen itace ya tsallake bazarar Sakkwato

Kowace damina ana dasa itatuwa a Sakkwato, amma ka koma wurin a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai ka tarar da sanduna a tsaye. Na ga matasa da yawa sun yi wannan asara, ni ma na yi ta a gonata ta wajen Kware. Kowa cewa yake rashin ruwa ne. Rashin ruwan yana ciki, amma matsalar tun daga ƙasar cikin ledar da ake renon dashen take farawa.

Akwai wani nau'in naman gwari da ke zaune cikin saiwar itace, masana suna kiran wannan zama maikoraiza. Ba a ganin sa da ido. Zarensa ya fi gashin saiwa siranta nesa ba kusa ba, don haka yana kutsawa ƙananan kofofin ƙasa inda saiwa ba ta shiga, ya jawo sinadarin fosfaros da ɗan danshin da ya rage. Itacen kuma ya biya shi da sukarin da ganye ke haɗawa. Idan fari ya tsananta, ganye ya rufe kofofinsa, sukari ya ragu, ƙananan saiwoyin sama su mutu, zaren ma ya janye. Amma ƙwayoyin irinsa suna kwance a ƙasa har ruwa ya dawo. Filin da ya daɗe ba tsiro, wanda iska ta share samansa, shi ne ya rasa su.

To, fara da ƙasar leda. A nan na faɗi. Shekarar da na fara, yashi mai tsabta na ɗebo daga bakin gulbi, na barbaɗa masa kamfa. Dashen ya yi kore shar, har maƙwabta na tambaya. Kafin ruwan fari ya sauka rabi sun bushe. Da na tono ɗaya, saiwar ta naɗe a gindi kamar gammo, ba reshe ko kaɗan. Yashin nan babu rai a cikinsa, kuma idan fosfaros ya yi yawa, kamar yadda kamfa ke kawowa, itace ba ya damuwa da karɓar baƙon nan, tunda abinci na zuwa masa a banza.

Yanzu ga abin da nake yi. Ka nemi tsohon itace lafiyayye, gawo ko bagaruwa ko magarya, irin wanda za ka dasa in da hali. Kada ka tona a jikin kututture. Matsa zuwa inda inuwa ta ƙare, ka share busasshen ganye, ka ɗebi ƙasar da ba ta wuce zurfin taƙi ɗaya ba, tare da 'yan siraran saiwoyin da ke ciki. Kada ka tsince su, su ne maganin. Kwano ɗaya a gindin kowane itace ya isa, ka rufe ramin, ka wuce na gaba. Sa ta a buhu a inuwa, ka yi aiki da ita cikin makon. Ni kwano ɗaya nake zubawa cikin kwano huɗu na ƙasar gona, da ɗan ruɓaɓɓen takin awaki, kuma a tsakiyar leda nake sa ta, inda saiwa za ta ratsa. Ga gawo da bagaruwa riba biyu ce, domin ƙasar kan zo da ƙwayoyin da ke yi musu ƙulli a saiwa suna tara naitirojin. Ko kwabo ba ka kashe ba, sai dai kuɗin man babur.

Leda doguwa za ka saya, ko da ta fi tsada. Uwar saiwar gawo gudu take yi ƙasa neman ruwa, gajerar leda lanƙwasa ta take.

Dashe kuma sai ruwa ya zauna, a Yuli. Wanda ya bari sai Satumba ya makara. Ka haƙa rami mai faɗi, ka yi masa kunya kamar rabin wata ta gefen gangare, irin yadda manoman Tawa ke yi a Nijar. Yanka ledar za ka yi, kada ka kakkaɓe ƙasar.

Da rani, ban yarda da yayyafin kullum ba, saiwa yake riƙewa a sama inda rana ke gasa ta. Bokiti guda sau ɗaya a mako, da yamma, ya nutse. Wanda ke da tsohon tulu ya binne shi kusa, ya riƙa cikawa. Rufe gindin da kara ko ciyawa, ka bar ɗan fili a jikin itacen saboda gara. Kada a ƙona komai a wurin. Sannan ka kewaye da ƙaya tun ranar dashe, kafin a saki awaki bayan kaka.