Kurakuran Saiti Da Ke Hana Ƙwallo Shiga Rami A Sunuka

A teburan sunuka na cikin garin Bauchi, daga Yelwa har Wunti, da wuya ka zauna rabin awa ba ka ji wani ya ce "teburin nan ya karkace" ba, bayan ƙwallo ta daki leɓen rami ta dawo. Wani sa'in gaskiya ne, don akwai teburan da aka tokare ƙafarsu da kwali. Amma galibi laifin na saiti ne, kuma yana min ciwo in ga yaro mai hannu mai kyau ya shekara yana maimaita kuskuren da za a gyara masa a yamma ɗaya.

Babban kuskuren shi ne mutum ya gano daidai inda ya kamata a taɓa a jikin jar ƙwallo, sai ya miƙa sandarsa kai tsaye wurin. In fara, wato farar ƙwallon da ake duka da sanda, da ja da rami suna kan layi ɗaya, babu laifi. Da zarar akwai kwana, saiti ya ɓaci. Dalili kuwa, fara tana da faɗi: ƙwallon da ake gasa da ita milimita 52.5 ce. A bugun kwana ba goshinta ne ke taɓa ja ba, gefenta ne. Wanda ya nufi wurin taɓawa da tsakiyar fara zai cika wa ja duka fiye da kima, ta ƙi yankuwa yadda yake so, ta je ta daki katangar tebur kusa da rami.

Gyaran haka, ka ja layi a zuciyarka daga tsakiyar rami, ya ratsa tsakiyar ja ya fito ta bayanta. A kan layin nan, manne da ja, ka ƙaddara akwai wata ƙwallo a zaune. Tsakiyar wannan ƙwallon da ka ƙaddara, nan sanda za ta nufa. In ido ya ƙi ganinta, ka ajiye ƙwallo ta gaske a wurin, ka duƙa ka saita, abokinka ya ɗauke ta, sannan ka buga. Masu horarwa suna kuma koyar da auna yadda fara ke rufe ja. In ka nufi bakin gefen ja da tsakiyar fara, wato fara ta rufe rabinta, ja za ta fita da kwana kusan digiri 30. In ta rufe kashi uku cikin huɗu, kusan digiri 14 ke nan. In kashi ɗaya ne, kusan 49. Ni dai shawarata a fara da ta rabin, saboda ita ce ke da alamar da ido ke gani ƙiri-ƙiri, sauran kuma daga ita ake ƙarawa ko a rage.

Sai masu duƙawa kafin su yanke shawara. Za ka ga mutum ya kifa kan tebur, sannan ya shiga karkata gindin sanda dama da hagu yana neman layi. Jiki na fuskantar gabas, sanda na fuskantar wani wajen, yaya hannu zai tafi a miƙe? A tsaye ake saiti. Ka tsaya bayan fara ka ga layin, in na-dama ne kai ka ɗora ƙafar dama a kansa, sannan ka sauka har haɓa ta kusanci sanda. In ka duƙa ka ji abin bai zauna maka ba, ka miƙe ka sake, ko da masu jiran layi suna cewa "malam, buga mana mu samu mu shiga."

Akwai kuma dukan fara a gefe. Wasu da gangan suke yi don su burge 'yan kallo da murza ta, wasu ba su ma san suna yi ba. Duk sanda ka daki fara ta dama, tana ɗan gocewa hagu tun daga tashi, haka in ka dake ta ta hagu. A ƙaramin tebur mai faffaɗan rami, irin wanda ya fi yawa a wajenmu, kana iya tsira. A babban tebur mai ƙafa 12 da faɗin ƙafa 6, inda rami ke da matsi kuma leɓensa a lanƙwashe, wannan 'yar gocewar ta isa ta ɓata komai. Gwajin mai sauƙi ne: ka buga fara ita kaɗai ta bi tsakiyar tebur, ta daki katangar can ta dawo, kai kuma ka bar sanda inda ta tsaya. In ta dawo ta taɓa kan sandar, kana dukan tsakiya. In ta baude, ga aikinka nan. Kafin ka zargi hannunka dai, mirgina sandar a kan tebur ka ga ko ta tanƙware, ka kuma goga alli a bakin sandar.

Ƙarfi da gaggawa su ne suka fi cin matasa. Kowa ya kalli bidiyon shahararren ɗan wasan sunuka Ronnie O'Sullivan na 1997 a Sheffield ta Ingila, inda ya zuba ƙwallo 36 a jere ya haɗa maki 147 cikin minti 5 da daƙiƙa 8, sai ya ɗauka saurin ne gwanintar. A sake kallo da kyau. Mafi yawan bugunsa a hankali yake yi, kuma kansa ba ya motsi sai sanda ta gama tafiya. Mu kuwa a nan, mutum zai damƙe sanda kamar mai riƙe taɓarya, ya zabga, ya ɗago kai tun fara ba ta isa ba. Ɗagowar nan tana jan kafaɗa, kafaɗa ta ja sanda daga layi. Ka sassauta riƙo, ka ɗan dakata in ka ja sanda baya na ƙarshe, idonka ya koma kan ja, sannan ka tura sandar ta wuce inda fara take. Ƙwallon da ke manne da katanga ita ce ta fi ƙin ƙarfi: in ka buge ta a hankali, ko ta goga leɓe za ta faɗa, in ka zabga sai ta yi kai-kawo a bakin rami ta tsaya, ka bar wa abokin karawarka a ɓagas.