Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen katakon saman teburin aiki a Damagaram

Cikin wata guda mutum uku suka kira ni in duba musu teburin aiki da suka haɗa da hannunsu. Ɗaya yarona ne da ke koyon dukanci a wurina, ɗaya mai gyaran waya ne a bakin kasuwar Dole, ta ukun kuma ƴar ƙanwata ce mai ɗinki a Birni. Duka ukun ƙafafun teburin lafiya lau, saman ne ya lalace. Na gaji da maimaita magana ɗaya a zaure uku, shi ya sa na zauna na rubuta ta. Ni ba kafinta ba ne, baduku ne, amma duk teburin da na taɓa yanka fata a kai ni na haɗa shi, kuma abin da zan faɗa a jikina na koye shi.

Babban kuskure, wanda ya fi duk sauran cin kuɗi, shi ne sayen ɗanyen katako. Mutane suna shiga wurin mai katako suna tambayar suna: maɗaci ne? loko ne? Ba wanda ke tambaya yaushe aka yanka shi, yaushe ya sauka daga mota. Alhali katakon da muke saye a nan yawancinsa ba a ƙasarmu ya tsiro ba. Daga kudancin Najeriya yake tasowa, ya biyo ta Kano, ya shigo mana ta Matamaye ko ta Magarya. Can iskarsu jiƙaƙƙiya ce, katakon da suke cewa ya bushe yana riƙe da ruwa kamar kashi 15 zuwa 18 cikin 100, sabon yanka kuwa ya haura 30. Nan Damagaram in hunturu ya kankama, lokacin da leɓe da diddige ke tsagewa, katako yana sauka zuwa wajen kashi 5. Duk ruwan da ke tsakani sai ya fita, kuma in yana fita katako tsukewa yake yi. Ba a tsawo yake raguwa ba, a faɗi ne. Falle mai faɗin santimita 30 yana iya rasa rabin santimita ko fiye. Ka jera uku ka danne su da ƙusa, ka ga inda wannan ragin zai bi: ko tsakaninsu ya buɗe, ko katakon ya tsage, ko ya lanƙwashe kamar kwale-kwale.

Ni a watan Agusta na yi nawa kuskuren, shekarar da na buɗe rumfata. Na samu falle huɗu na maɗaci, jajaye masu kyan gani, da ƙyar mutum biyu suke ɗaga ɗaya. Na ce wa mai katakon, “Alhaji, nauyin nan fa?” Ya ce, “Malam, ai nauyi shi ne ƙarko.” Na biya, na kwashe. Kwana uku na gama tebur, na kafe saman da ƙusoshi ta ko'ina, na shafa banish a fuskar sama kawai. Rabin nauyin nan ashe ruwa ne. Wani dare cikin Disamba muna kwance na ji ƙas daga rumfa, kamar an karya kara. Da safe na tarar da tsaga tun daga kai har kusan tsakiya, basilla tana faɗawa ciki ta ɓace. Ɗaya daga fallayen tsakiya ya tashi ta gefe biyu. Lokacin ina da aikin tumtum goma na kayan ɗakin wata amarya, ranar kai kaya ta matso, ba halin tsayawa gyara, na ci gaba da yanka a haka. Duk inda wuƙa ta iso kan tudun nan sai ta goce. Fata shida na ɓata, fatar jar akuyar Maradi da na zaɓa ɗaya bayan ɗaya a majema. Na biya fatun daga aljihuna, na makara da kayan, uwar amaryar ba ta sake kawo mini aiki ba. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin tambaya ɗaya ce da ta fisshe ni.

Tun daga nan ga yadda nake yi, kuma na san kafintoci da yawa za su ce ɓata lokaci ne. Ba na sayen katako da damina. Sai Oktoba ko Nuwamba, in kawo shi gida in jera a zaure, cikin inuwa, inda iska ke ratsawa. In ɗora shi kan bulo don kada ya taɓa ƙasa, in sa ƴan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin falle da falle, in danne sama da dutse. Bakin kowane falle ina shafa masa ragowar fenti, domin ta baki ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsaga take farawa. Kada ka ce za ka shanya shi a rana don ya yi sauri. Ranar garin nan tana busar da waje ta bar ciki a jiƙe, sauri ya haifi nawa. Ina ware guntu ɗaya in riƙa kai shi kan sikelin mai shagon unguwa duk ranar Juma'a, in rubuta nauyin a jikinsa da alli. Ranar da na ga mako biyu a jere bai ragu ba, to ya gama shan iskar Damagaram, a kai shi inji a share fuskarsa. Kafin nan ko zarto ba ya taɓa shi.

In kana wurin saye ba ka da sikeli, ɗora kuncinka a jikin katakon. Ɗanye sanyi gare shi. Ƙwanƙwasa shi da ƙashin yatsa, busasshe yana amsawa da ƙara, ɗanye kuwa sai ka ji dum. Abin da na fi so ma shi ne tsohon katako, tsohuwar ƙofa ko gefen gado da ya ga hunturu ashirin. Wannan duk motsin da zai yi ya riga ya yi. Ka zare ƙusoshinsa tsaf kafin ka kai inji, in ba haka ba mai injin zai sa ka biya kuɗin bakin injinsa.

Akwai kuma son falle mai faɗi. Kowa so yake a ce saman teburinsa falle biyu ne kacal. Mai faɗi shi ya fi lanƙwasa. Ni ina tsaga su zuwa santimita 10 ko 15, in dubi bakin kowanne, in ga zanen da ke zagaye kamar na albasa, in jera ɗaya yana kallon sama na kusa da shi yana kallon ƙasa, don abin da wannan ya ja wancan ya mayar. Wanda cibiyar icce ta ratsa tsakiyarsa a ajiye shi gefe, tsagewa zai yi ko bayan shekara nawa. Wajen ɗaura saman a kan ƙafafu kuma ina huda ramin sukurun ya ɗan yi tsawo ta wajen faɗin teburin, saboda da damina katako zai kumbura, da rani ya koma, a bar masa wurin numfashi.

Yanzu ga wanda yake ba ni haushi, kuma da ku nake, samari. Wannan allon da ake yi da garin katako da gam, a lulluɓe shi da wani siririn rufi mai sheƙi fari ko ruwan ƙasa, wanda ake ce wa MDF, da ɗan'uwansa mai tsakuwar katako a ciki, wa ya ce muku teburin aiki ake yi da su? Kun gan shi sumul a shago, ya fi katako araha, ba ya buƙatar inji, shi ke nan kun ɗauka. Kyan ɗan maciji ne. Yarona ya zo yana murna, “Maigida, zo ka ga tebur, kamar na ofis.” Na ce masa, “Kai da kake jiƙa fata kullum kafin ka buga mata zane, ina ruwan zai tafi?” Ya ce ai fuskar ba ta shan ruwa. Fuskar ba ta sha, amma wuƙa tana yanka ta, kuma gefe a buɗe yake. Ruwan Agusta ɗaya ya ɗiga ta hudar kwano cikin dare, da safe gefen ya kumbura kamar burodi, ka sa yatsa ka marmasa shi. Abin da ya kumbura a wannan allo ba ya komawa ko ka shanya shi wata guda. Sukuru ma in ya fita sau ɗaya ba ya sake kamawa, ramin gari ne. A rumfar da ake ajiye buta da kofin shayi, ake yayyafa ruwa kafin shara, wannan abu ba shi da wurin zama. Ku daina jin kunyar tambayar na gaba da ku kafin ku fitar da kuɗi. Jika nawa ka tara da ƙyar, ka zuba su a garin katako?

In kuɗinka bai kai katako ba, ko ba ka da haƙurin jiran hunturu, sayi filawud, wanda wasu ke kira kwantirfilake. An yi shi ne da siraran falle da aka giciye su, don haka ba ya tsukewa kamar katako. Cikakken allo santimita 122 ne a 244, yana fitar da saman tebur biyu masu kyau. Amma ban da ɗan siririn nan mai milimita 5 da ake bayan kabad da shi. Nemi mai 18. In babu, manna biyu masu 10 ko 15 da farin gam. Dubi gefensa ka ƙirga falle nawa ne, ka duba ko akwai ramuka tsakani, mai ramuka da guduma ɗaya yake lotsawa. Ka kuma kewaye gefen da siririn katako, domin ta nan yake fara ɓarewa. Teburin ƴar ƙanwata da shi na sake mata, na manna fomaika, siririn fallen nan mai santsi, a kai don yadi ya riƙa zamewa ba ya kama zare.

Sai taurin katako. Farin katakon nan mara nauyi, wanda ƴan Najeriya ke kira obeche, wasu su ce samba, danna shi da farce ka gani, shaida za ta fito. Ga mai ɗinki ko mai jera kaya ba laifi. Ga wanda zai buga guduma ko ya huda fata, wata uku ya zama kamar gonar da aka yi wa huɗa, kuma ƙwaro yana son sa. Loko da kawo da maɗaci su ne na bugu, loko kuma gara ba ta cika kusantarsa ba, sai dai ƙurarsa tana sa tari da ƙaiƙayi, a rufe hanci wajen gugarsa. Ko a cikin waɗannan ma, farin gefen da ke kusa da ɓawo ba shi da ƙarkon jan cikin, a yanke shi a zubar. In ka ɗaga falle ka ga gari mai laushi a ƙarƙashinsa da ƴan ramuka kamar na allura, ƙwaro yana ciki, kada ka kai shi gida ya ci maka ƙofa.

Na ji wani yana cewa zai sa a sare masa gawo a gonar kakansa. Katakon gawo ba shi da ƙarko, ƙwaro yana cin sa, kuma icce ne da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi wa gona taki, da rani ya ciyar da bisashe. Tun zamanin sarakunan Damagaram na dā akwai hukunci mai tsanani kan sare shi, yau ma ma'aikatan gandun daji ba za su ƙyale ka ba. In icen gida kake so, dogon yaro da aka sare da izini ya fi, ƙwaro ba ya son sa, illa dai a ba shi lokaci ya bushe sosai.

Wani abu da kafinta ba zai faɗa maka ba, domin ba sana'arsa ba ce: kan ƙusa a fuskar tebur. Fatarmu da bagaruwa ake jeme ta, kuma jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa in ta taɓa ƙarfe baƙi take yi. Da wannan hikimar ake yin kuloko, amma a kan fatar da kake so ja ko rawaya tabo ne da ba ya fita. Duk sukuru ta ƙasa nake ɗaura shi, ba ƙarfe ko ɗaya a sama.

Sauran ƙanana ne. Kwano a saman tebur yana ɗaukar zafi da bazara har ka kasa dafa shi. Tayil yana fashewa, yana kuma kashe bakin wuƙa. Baƙin mai na mota da ake shafawa don gara, a tsaya da shi a gindin ƙafafu, a sama yana ɓata yadi da fata. Banish ko man da za ka shafa, shafa sama da ƙasa daidai, in fuska ɗaya ce kawai ɗayar za ta riƙa shan iska ita kaɗai, tebur ya lanƙwashe. Farin gam da sassafe ake aiki da shi, da rana tsaka yana bushewa kafin ka gama jerawa, ni kuma da robar tsohon tayar babur nake ɗaure fallayen su kwana. Ka auna ƙofar ɗakinka kafin ka yanke faɗin.

Yarona yanzu yana yanka a kan guntun filawud da na ara masa. Falle biyar na loko da muka saya tare suna zaurena a kan bulo, da dutse a kai. Ranar Juma'ar da ta wuce guntun gwajin ya sake raguwa kaɗan, don haka na ce masa sai mun sake aunawa. In Allah ya kai mu Fabrairu za mu kai su inji.