Yadda ake sake kalmar sirrin “sa” idan ta ɓace bayan an saka SQL Server

Kantunan magani da shagunan sari da dama a unguwannin Aboabo, Asawase da Adum na Kumasi suna lissafin kaya da ciniki da manhajar da ke ajiye bayananta a SQL Server Express na Microsoft. Wanda ya saka ta shi ya zaɓi kalmar sirrin babban asusun, wato sa, kuma sau da yawa ba ya rubuta wa mai shago ita. Ranar da aka buƙace ta sai allo ya nuna kuskure mai lamba 18456.

Ka sani tsohuwar kalmar ba ta dawowa. SQL Server ba ya ajiye ta yadda za a iya karantawa, sai dai a ɗora sabuwa a kanta. Kuma don Allah kada ka yarda a goge manhajar a sake sakawa, lissafin bashi da na kaya na shekaru yana ciki.

Fara da mai sauƙi. Buɗe SQL Server Management Studio, ka zaɓi Windows Authentication. Idan asusun da ka shiga kwamfutar da shi ne aka yi sakawar da shi, yawanci za ka wuce. Je Security, sai Logins, danna sa sau biyu, rubuta sabuwar kalma.

Idan ya ƙi, akwai ƙofar da Microsoft da kansa ya bari ga duk mai ikon Administrator a kwamfutar. Ka bari a rufe shago, ka kuma tabbata UPS na da caji, don dumsor, wato ɗaukewar wuta, ba ta sallama. Nemo Command Prompt, danna shi da maɓallin dama, zaɓi Run as administrator. Kada ka yi amfani da PowerShell, domin alamar $ tana da wata ma’ana a can. Rubuta:

net stop MSSQL$SQLEXPRESS

Yanzu da SQL Server ya tsaya, kwafi bayananka kafin ka taɓa komai. Fayilolin da suka ƙare da .mdf da .ldf suna cikin DATA, ƙarƙashin C:\Program Files\Microsoft SQL Server. Na 2019 sunan jakarsa yana farawa da MSSQL15, na 2022 kuma MSSQL16. Zuba su a filash. Ni a wurina wanda ya tsallake wannan bai kamata a sake ba shi kwamfutar shago ba.

Sai ka tayar da shi a yanayin mutum ɗaya:

net start MSSQL$SQLEXPRESS /mSQLCMD

Wannan SQLCMD na ƙarshe yana da amfani ƙwarai. A yanayin nan mutum ɗaya tak ake bari ya shiga, kuma manhajar ciniki tana iya rigan ka ta tare gurbin. Da ka rubuta shi haka, an killace maka wurin. Sannan:

sqlcmd -S .\SQLEXPRESS -E

Idan ka ga 1> ka shiga. Rubuta waɗannan, kowane layi da Enter, ka sa taka kalmar tsakanin alamomin ' ' a madadin ta misalin:

ALTER LOGIN sa WITH PASSWORD = 'SabuwarKalma#52';
ALTER LOGIN sa ENABLE;
GO

Kalmar ta kai haruffa 8 ko fiye, a gauraya manyan baƙaƙe da ƙanana da lamba ko alama, in ba haka ba yana iya ƙin karɓa. Rubuta EXIT, ka tsayar da shi da net stop, ka sake tayarwa da net start, ba tare da /mSQLCMD ba. Idan har yanzu sa bai shiga ba, an saita uwar garken, wato SQL Server ɗin, ne ta karɓi asusun Windows kaɗai. A Management Studio, cikin Properties na uwar garken, shafin Security, zaɓi SQL Server and Windows Authentication mode, ka sake tayarwa.

Ga inda mutane suka fi tuntuɓe. Manhajar ciniki tana riƙe da tsohuwar kalmar a saitinta, haka ma kwamfuta ta biyu a shagon idan akwai. Da ka sauya, da safe yara za su buɗe ta ƙi haɗuwa, masu saye na tsaye. Saboda haka tun kafin ka fara, nemo inda ake shigar da kalmar a manhajar, ko dai a shafin saitin haɗi ko a fayil mai ƙarewa da .config ko .ini. Idan ba ka same shi ba, ka bar sa yadda yake, ka buɗe wa kanka sabon asusu a wannan matakin na sqlcmd:

CREATE LOGIN maigida WITH PASSWORD = 'WataKalma#52';
ALTER SERVER ROLE sysadmin ADD MEMBER maigida;
GO

Ikonsa daidai yake da na sa, ciniki kuma ba zai tsaya ba. Rubuta kalmar a takarda ka miƙa wa Alhaji ko Hajiya mai shagon hannu da hannu, domin bayanan nasu ne, kuma kada ka tura ta a zauren WhatsApp na ma’aikata.