Kafin ka zaɓi zanen shafi, san mai kallonsa

Idan aka ba ka aikin gina shafin intanet, kada ka fara da neman zane. Fara tambayar mai aikin: wa zai buɗe shafin nan, kuma da wace waya?

Mutanenmu da yawa da Tecno ko Itel suke shiga, suna lissafin data. Shi ya sa nake fifita zane mara tarkace, launi biyu ko uku, a tsarin SVG, wato wani nau'in fayil na ajiye zane. Ba shi da nauyi, ko an faɗaɗa shi ba ya dishewa.

Sannan duba mutanen da ke cikin zanen, nan ne na fi damuwa. Hajiya mai atamfa a Kasuwar Gumi ta Kaduna tana son mai saye ta ga mace da gyale, ba Baturiya riƙe da kofi ba. Shagon da ke ciniki da unguwannin Kawo da Barnawa, inda shigar mutane ta bambanta, zana shigar mutanen duka biyun. Islamiyya a Tudun Wada kuwa, tambayi malam tukuna, wasu ba sa son zanen fuska; dagin Arewa ya wadatar.

Riƙe salo ɗaya a duk shafin. Kafin ka miƙa aiki, buɗe shi a tsohuwar waya cikin rana, ka ga ko yana karantuwa.