Kurakuran da aka fi yi kan ƙarfafa garkuwar jiki a farkon kamuwa da HIV

Kuskuren da ya fi cutar da mutane shi ne zaton cewa idan aka ƙara wa garkuwar jiki ƙarfi, ana iya jinkirta shan ARV, wato magungunan da ke danne ƙwayar cutar HIV. Zaton yana da ƙamshin gaskiya, domin a makonnin farko wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira NK suna ƙaruwa, kuma su ba sa jiran a nuna musu abokin gaba: duk ƙwayar halittar da alamomin shaidarta suka ɓace, sai su far mata. Sai dai HIV tana da wayo, tana goge wasu alamomin ta bar waɗanda ke hana NK kai farmaki, kuma cikin 'yan kwanaki ta riga ta sami maɓoya a cikin CD4, wato fararen ƙwayoyin jinin garkuwar jiki da take kamawa, kafin ta yi wa CD4 ɗin da ke cikin hanji mummunar ɓarna.

An gwada tunanin ƙara wa garkuwar jiki ƙarfi da gaske. A manyan gwaje-gwaje biyu, ESPRIT da SILCAAT, da aka bayyana sakamakonsu a 2009, mutane fiye da 5,000 ne suka shiga, aka ƙara wa wasunsu allurar interleukin-2, wani sinadari mai zaburar da garkuwar jiki, a kan ARV. Adadin CD4 ya hau, amma ciwo da mutuwa ba su ragu ba, balle a sa rai da kwalaben da ake tallatawa a tasha da kasuwa. Gyaran shi ne fara ARV da zarar an tabbatar da cutar, domin binciken START na 2015 ya nuna fara magani nan take ya rage haɗarin mummunan ciwo ko mutuwa da kashi 57 cikin 100, kuma a shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bai wa kowa magani ba tare da jiran CD4 ta faɗi ba.

Akwai kuma masu ɗaukar zazzaɓi, ciwon maƙogwaro da ƙurajen da kan zo mako 2 zuwa 4 bayan kamuwa a matsayin maleriya ko taifot, sannan gwajin gaggawa na HIV ya nuna babu komai, su saki jiki. Gwajin yana iya kasa gano cutar a wannan lokaci, don haka a maimaita shi bayan wata 3. Wanda ya san ya shiga haɗarin kamuwa kuwa, ya je asibiti cikin awa 72 a ba shi maganin kariya na kwana 28.

Abin da ya fi damuna shi ne mai shan TLD, ƙwayar ARV da ta haɗa magunguna uku, kullum, amma yana haɗa shi da maganin ƙarin jini, ko mai sinadarin kalsiyam, ko na ƙwarnafi, da niyyar gina jiki. Waɗannan suna hana dolutegravir, ɗaya daga cikin magungunan da ke cikin TLD, shiga jini yadda ya kamata. A sha TLD awa 2 kafin su ko awa 6 bayansu, kuma duk wani jiƙo ko ƙwayar da ake sha a nuna wa likita ko mai ba da magani.