Komawa Zane Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki: Kurakuran da Ke Kashe Gwiwa da Yadda Ake Gyara Su

Mai zanen da ya tashi daga jinyar shanyewar ɓarin jiki, abin da ya fi karya masa zuciya shi ne ranar farko da ya koma bakin aiki. Yakan tarar da komai yadda ya bar shi, allo a tsaye, burushi siriri, gwangwanin fenti a ƙasa, sai ya kama aiki irin na da. Kafin rabin awa kafaɗa ta ɗauki zafi, layi ya karkace, shi kuma ya yanke hukunci cewa hannunsa ya mutu. Sau da yawa hannun na nan da sauran aikinsa, wurin aikin ne aka tsara wa wani jikin da ba na yanzu ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne aunawa da tsohon ƙarfi. Gajiyar da ke biyo bayan wannan ciwo daban take da gajiyar da aka sani: takan sauko babu sallama, barci ɗaya kuma ba ya korar ta. Wanda ya ji daɗin jikinsa ranar Litinin ya yi awa uku a zaune, sai ya kwana biyu a kwance, ranar Alhamis kuma ko kallon allon ba ya son yi. Gyaran shi ne ka fara da minti goma zuwa sha biyar, sau biyu a rana, a lokacin da jikinka ya fi sakewa, wanda ga mutane da dama hantsi ne bayan karin kumallo. Saita agogon waya. Da ya buga ka ajiye burushi, ko da kana jin za ka iya ƙarawa, domin wannan ragowar ƙarfin shi zai dawo da kai gobe. Idan mako ya cika ba ka biya bashin gajiya washegari ba, ƙara minti biyar.

Sai zama, wanda shi ne aka fi rainawa alhali shi ya fi ɓarna. Tsokar da ke riƙe ƙashin hannu a gurbin kafaɗa takan saki bayan shanyewa, nauyin hannun da ke reto kuma yana janye ƙashin ƙasa, har a ji ɗan rami idan an shafa saman kafaɗar. Ɗaga irin wannan hannu zuwa allon da ke tsaye, ba tare da madogara ba, yana haifar da ciwon da ke ɗaukar watanni. Sauko da aikin kan tebur. Tafin ƙafa biyu su taka ƙasa sosai, gwiwa da ƙugu su lanƙwashe daidai kamar kusurwar akwati, tebur ya zo daidai gwiwar hannu. A jingina allon da ɗan tudu, littattafai biyu ko uku a bayansa sun isa. Hannun da ya raunana ya kwanta a kan tebur ko matashi daga gwiwar hannu har yatsu, ko da ba shi ke aiki ba, kada a bar shi yana lilo a gefen kujera. 'Yan uwa kuma su kiyaye: ba a tayar da mai wannan lalura ta hanyar jan hannun nan. Wanda ke kan keken guragu ya riƙa karkata gefe zuwa gefe duk bayan minti ashirin zuwa talatin, saboda gyambon zama ba ya jira a gama hoto.

Burushi siriri yana buƙatar matsi na yatsa uku, wanda shi ne ke jinkirin dawowa. Naɗa wa mariƙin guntun soso ko tsumma, ka ɗaure da salatif har kaurinsa ya kai kamar santimita uku, yadda tafin hannu zai rungume shi. Idan riƙon ya ƙi gaba ɗaya, a soka burushin a ƙarƙashin wani ɗauri mai laushi da ya zagaye tafin hannu, amma a duba fata bayan kowane zama, tunda hannun da jinsa ya ragu ba zai faɗa maka ɗaurin ya matse ba. Chuck Close, mai zane ɗan Amurka, bayan jijiyar jinin lakarsa ta toshe a 1988, da burushi ɗaure a hannu ya ci gaba da manyan hotunan fuskoki, yana raba yadin zanen gida-gida yana cika ɗaya bayan ɗaya. Wannan dabara ta raba fili tana da amfani ƙwarai ga mai minti goma sha biyar: gida biyu da aka gama yau aiki ne da ido ke gani. Ga mai karkarwar hannu, a gicciya sanda a saman allo, kanta ɗaya naɗe da tsumma, a ɗora wuyan hannu a kai. Takarda kuwa a manne kusurwoyinta huɗu, a shimfiɗa ɗanyen tsumma ƙarƙashin allon don kada ya zame.

Akwai ƙaramin abu mai cin rai fiye da yadda ake zato: murfin fenti. Mutum ya zauna da niyya, ya ɗauki kwalba da hannu ɗaya, murfin ya ƙi juyawa, ya matse ta a cinya, ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin gado, ya yi ta kiran yaro babu kowa a tsakar gida. Minti goman sun ƙare a nan. A zuba launuka huɗu ko biyar a ƙananan robobi masu faɗin baki tun da dare, a sa ruwan wanke burushi a kofi mai nauyi, a jera komai a ɓangaren hannun da ke aiki. Fentin roba mai saurin bushewa yakan ƙafe cikin 'yan mintuna, balle da hunturu, don haka a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a roba mai murfi, a ɗora takarda mai santsi, a zuba fentin a kai. Fentin mai da ake sirkawa da tina ko kananzir a dakata da shi tukuna. Warinsa a rufaffen ɗaki yana kawo jiri, jiri kuwa ga wanda tsayuwarsa ba ta gama daidaita ba faɗuwa ce. Masu zanen bango da allunan shaguna da jikin manyan motoci su bar hawa tsani har sai likitan gashi, wato mai motsa gaɓoɓi, ya amince. A karɓi ƙananan alluna da za a iya kwantarwa a tebur.

Wani abin kuma ba a hannu yake ba sam. Wanda ciwon ya taɓa ɓarin dama na ƙwaƙwalwarsa yakan manta da duk abin da ke hagunsa, alhali idonsa na iya zama lafiya lau. Zai cika dama da zane ya bar hagu fari, kuma a ganinsa hoton ya kammala. An ga haka a hotunan kansa da Anton Räderscheidt na Jamus ya zana bayan ciwon ya same shi a 1967: da farko ɓarin hagu kusan babu komai, a hankali ya riƙa cikowa. Faɗa ba ya gyara wannan. A manna jan salatif a gefen hagu na allon, a saba da juya kai har sai an ga jan kafin a fara kowane layi, a kuma riƙa kifa hoton sama ya koma ƙasa don ɓarin da aka manta ya dawo dama.

Tausayin iyali ma yana iya zama cikas. 'Ya ta ga mahaifinta yana fama da burushi sai ta ce, "Baba, kawo in ƙarasa maka, ka huta." Niyya mai kyau ce, amma hannun da ba a amfani da shi ƙwaƙwalwa takan ƙara yin watsi da shi. A raba aiki a fili: mataimaki ya wanke burushi, ya yanka takarda, ya ɗauko ruwa, amma duk layin da zai hau allo na mai zanen ne. Haka Henri Matisse, mai zane ɗan Faransa, ya yi bayan tiyatar da aka yi masa a 1941: mataimaka su shafa wa takardu launi, shi ya yanka siffofi da almakashi ya nuna inda za a kafa kowace. Idan hannun dama ne ya tafi, babu laifi a koyar da hagu zane, muddin raunannen yana da nasa aiki, ko danne takarda ne kawai.

Cire tsofaffin hotunanka daga bangon ɗakin na ɗan lokaci. Maimakonsu samo littafin zane guda, ka riƙa zana abu ɗaya, misali butar shayi, duk ranar Juma'a, ka rubuta kwanan wata a ƙasa. Sauyin rana ɗaya ba ya ganuwa, na mako takwas kuwa yana fitowa sarai idan aka jera. Sauƙi ya fi gudu a wata uku zuwa shida na farko, amma ba ya tsayawa a nan. Kada ka karɓi aikin da ke da ranar biki ko ranar buɗe shago a kansa sai ka san awa nawa jikinka ke bayarwa a mako.

Idan kuwa an gyara duk wannan amma mako biyu sun wuce babu sha'awar komai, ga rashin barci, ga yawan hawaye, abinci ba ya shiga, to a kai maganar gaban likita. Kusan mutum ɗaya cikin uku na kamuwa da ciwon damuwa bayan shanyewar ɓarin jiki, kuma yana da magani. Zane ba ya maye gurbin zuwa gashi ko shan maganin hawan jini a kan lokaci. Duk ranar da baki ya karkace, ko harshe ya sarƙe, ko hannu ya ƙara saki farat ɗaya ana cikin aiki, a bar komai a nufi asibiti a take.