Yadda Ake Shawo Kan Ciwon Dasashi Kafin Haƙori Ya Fara Girgiɗi

Ka goge baki da asuba, ka tofar, sai ka ga kumfar ta yi ja-ja. Da yawanmu a nan Kano abin da muke yi shi ne mu daina taɓa wurin, wai kada mu fama. Nan ne kuskuren.

Ga abin da ke faruwa. Farin dattin nan mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori cike yake da ƙwayoyin cuta. Da jiki ya ji su, sai ya turo fararen ƙwayoyin jini, sojojinsa. Na sahun gaba ana ce musu niyutrofil, suna fitowa ta ɗan ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi suna haɗiye abokan gaba. Idan dattin ya tafi, su ma su lafa. Idan kuwa ya zauna wata da watanni, sai wasu rundunonin su shigo, irin su makrofej da limfosayit, su riƙa zubo sinadaran da ke narkar da zaren da ya ɗaure haƙori, su kuma zuga wasu ƙwayoyin jiki da ke cin ƙashin da haƙori ke zaune a ciki. Wato mafi yawan ɓarnar, masu gadin gidan ne ke yin ta garin korar ɓarawo. Abin haushin, ba ya cika yin zafi sai ya yi nisa.

Matakin farko, duba bakinka a madubi. Lafiyayyen dasashi a ɗame yake, ba ya jini. Kumburi, warin baki, ko haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo, duk alamu ne.

Na biyu, goge haƙora sau 2 a rana, minti 2, da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori. Karkata buroshin ya kwanta daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi, ka motsa shi a hankali. Ba wankin tukunya kake ba. Ko da jini ya fito, ci gaba. Asuwaki yana da kyau, amma a tauna bakinsa ya yi laushi, a kai shi har turame da bayan haƙora, ba a maƙale shi a baki ana hira a majalisa ba.

Na uku, tsakanin haƙora. Bayan tsire ko balangu, tsinken tsintsiya caka dasashi kawai yake yi. Nemi zaren sakace a kemis.

Na huɗu, idan dattin ya daskare ya zama kamar dutse, buroshi ba ya ɓamɓare shi. Sai wankin haƙori a asibiti, kamar sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Likita zai auna zurfin ramin dasashin: milimita 1 zuwa 3 lafiya ne, daga 4 zuwa sama akwai magana. Masu cewa wankin yana kawo giɓi, gurbin da dutsen ya cike ne ya bayyana. Kafson kemis kuwa ba ya cire dutse.

Na biyar, mai ciwon suga ya riƙa auna sugansa, domin hawansa yana rage wa niyutrofil kuzari, kumburin dasashi kuma yana hana sugan daidaita. Mai shan sigari ya sani, taba tana rage zubar jinin, sai ya ɗauka lafiya lau alhali ƙashi na zaizayewa. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa, sai dai a tsayar da cutar a ceci wanda ya rage.